Ƙarin garanti ga mota mai gudu: abin da na gani da tawa a Kano

Takardar ƙarin garantin da na saya wa motata ta ƙare, masu garejin da suka ba ni ita sun kira ni in sabunta, ni kuma na ce su dakata sai mun zauna. Abokai biyu da ke shirin sayen irin wannan mota sun tambaye ni ko abin ya biya, shi ya sa na ga gara in rubuta yadda ta kaya, kowa ya auna da kansa.

Motar 'yar Jamus ce, ƙirar 2018, injin V6 mai lita 3 da turbo biyu, giyarta kuma otomatik. Daga Amurka ta zo, na saye ta hannun wani dila a nan Kano farkon 2023. Abu na farko da ya kamata mai saye ya sani shi ne, garantin kamfanin da ya ƙera mota ba ya biyo ta har Kano. A Amurka, Mercedes da BMW suna ba sabuwar mota garantin shekara 4 ko mil 50,000, duk wanda ya riga cika. Toyota kuwa shekara 3 ko mil 36,000, sai inji da giya da take kaiwa shekara 5 ko mil 60,000. Motar da ta shekara biyar kafin ta hau jirgin ruwa ta riga ta cinye wannan. In kuma daga gwanjon motocin haɗari ta fito, irin su Copart da IAAI, aka buga mata takardar cewa ta tashi daga aiki, to garantin ya mutu tun a can ko da shekarunta ba su cika ba. Don haka abin da ake sayar maka a nan alkawarin dila ne ko na gareji, kuma ƙarfinsa daidai yake da ƙarfin wanda ya sa hannu.

Nawa na wani gareji ne da ke gyaran motocin Jamus, dilan ne ya haɗa mu. Shekara biyu, kuɗin ya kama wajen kashi biyar cikin ɗari na farashin motar, a biya lokaci guda. Kafin su yarda sai da suka sa mata kwamfuta, suka ɗaga ta sama suka leƙa ƙarƙashinta, suka ɗauki lambar VIN, wato lambar shaidar da kamfani ya buga wa motar, suka ciro tarihinta a Carfax, shafin da ke tara tarihin motocin Amurka. Wannan ya kwantar min da hankali sosai, don wanda zai karɓi kuɗinka bai duba motar ba, ba shi da niyyar gyara ta.

Takardar ta rufe inji, giya, turbo, hanyar ruwan sanyaya inji da kwamfutocin motar. Ba ruwanta da taya, batir, kayan birki, filogi, filta da duk abin da ke cinyewa da tafiya. Ba ruwanta da ɓarnar ambaliya, ɓarnar rami, gurɓataccen mai, ko motar da aka taɓa wa kwamfuta don a ƙara mata gudu. Sai sharaɗin sabis: a garejinsu kaɗai, kowane kilomita 5,000, da baƙin man da suka zaɓa, kuɗin kuma daga aljihunka. A ƙasan shafin ƙarshe akwai layi guda da ya faɗi iyakar abin da za su kashe a kan motar cikin shekara biyun, an rubuta shi da naira. Wannan layin shi ne ya fi komai nauyi a takardar, zan dawo kansa.

Shekarar farko motar ba ta yi ko tari ba. Abin da na amfana da shi kawai shi ne sabis ɗin dole. Da farko na ga kamar kilomita 5,000 ya yi kusa, tunda littafin motar ya ba da tazara mai nisa. Amma lokacin da aka ciro filtar iska bayan hunturu, makaniken ya buga ta a ƙasa, ƙura ta tashi har sai da na ja baya, ramukan takardar duk sun toshe sun zama ja. Littafin an rubuta shi ne don titin da babu hazo, babu zafin da ke haura digiri 40 a watan Afrilu. Turbo yana juyawa ne a kan baƙin mai, in man ya tsufa ya yi kauri, shi ne farkon wanda zai ji a jikinsa. A nan na ba su gaskiya ɗari bisa ɗari.

Matsalar farko ta zo a azumin 2024, cikin watan Maris. Ina cikin gosulon Kurna da la'asar, esi a kunne, sai jar fitila ta kama a dashbod, allurar zafi ta haye. Na gangara gefe na kashe ta nan take, don irin wannan inji na aluminiyom ne, in ka matsa masa da zafi kan injin zai iya lanƙwashewa, daga nan sai dai a yi maganar wani. Na kira lambar da ke kan takardar, suka turo janwe kafin a sha ruwa, ban biya ko kwabo ba. Washegari manajan ya kira ni.

"Alhaji, famfon ruwa ne ya tafi, ya ja tamostat. Yana cikin takardarka. Amma sabo babu a Kano, sai an kawo daga Dubai."

Na ce, "Malam, ga Ƙofar Ruwa nan kusa, a rasa famfo?"

Ya ce, "Akwai na hannu, wanda aka ciro daga wata motar. In na sa maka shi ya mutu bayan wata uku, ni zan sake biya. Ka yi haƙuri a kawo sabo."

Na yi haƙurin, amma ya yi tsawo. Har aka yi sallah motar tana gareji an lulluɓe ta, kuma takardar ba ta ce za su ba ni motar aro ba, ba su kuma ba ni ba. Wanda ba shi da wata motar a gida, ya sa wannan a lissafi. Aikin kansa dai ya yi kyau: sun nuna min tsohon famfon da kwalin sabon, sun cika ta da ruwan lagireto na asali ba ruwan famfo ba, har yau kuma allurar ba ta sake motsi ba.

Ta biyun ce ta ɓata min rai. Bayan wasu watanni, ina dawowa daga Zariya, motar ta fara karkarwa in na taka ta, ƙarfinta ya ragu. Kwamfuta ta nuna famfon da ke matsa fetur zuwa cikin inji da nozul biyu masu fesa fetur ɗin. Nan take suka buɗe min sharaɗin gurɓataccen mai. Na ce su nuna min shaida. Suka zuƙo man tankin a gorar roba, suka ajiye a kan tebur, ƙasansa ya ɗan yi duhu, suka ce ga shi nan. Wannan ba gwaji ba ne, duk man da za ka zuƙo daga gindin tankin mota a ƙasar nan haka zai yi. Ban musa cewa ana samun mummunan mai ba, kowa yana tuna Fabrairun 2022 lokacin da aka shigo da fetur mai yawan methanol ya lalata injinan mutane. Kuma waɗannan motoci an ƙera su ne don fetur mai daraja ta sama, mu kuwa famfo ɗaya ne a gidan mai, abin da ya zubo shi za ka sha. To in haka ne, sun san man da zan sha tun ranar da suka karɓi kuɗina. Sharaɗin da za a iya ɗora wa kowace mota a Kano, a kowace rana, ƙofa ce aka bari a buɗe don gudu. Da dilan ya shiga tsakani aka daidaita: su suka sayi famfon suka yi aikin, ni na sayi nozul. Rasit ɗin gidan man da nake sha kullum, wanda nake tarawa a cikin motar, shi ya ba ni bakin magana a zaman.

Yanzu batun iyakar kuɗin. Lokacin da na sa hannu, dala a kasuwar canji ta Wapa tana wajen naira 750. A watan Yunin 2023 gwamnati ta saki naira kasuwa ta yi mata farashi, zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura 1,500. Kayan motar nan duk da dala ake sayo su, iyakar tawa kuwa tana nan a naira yadda aka rubuta ta. Kuɗin da a farko zai iya sayen giya guda da canji, gyara biyun nan suka cinye mafi yawansa. Watannin ƙarshe na takardar ina yawo ne da garantin da in giya ta faɗi ko rabinta ba zai saya ba. Su ma ban ce sun ci riba a kaina ba, na tabbata abin da suka kashe ya fi abin da na ba su. Amma abin da na saya tun farko kwanciyar hankali ce a kan inji da giya, ita kuwa ta zaizaye tun kafin wa'adi ya cika.

Wasu na cewa ai suna da inshora. Inshorar dole, wadda aka mayar naira 15,000 daga Janairun 2023, ɓarnar da ka yi wa wani take biya. Babbar inshora kuma haɗari da gobara da sata take rufewa, in turbo ya mutu don kansa ba ruwanta. Ta fuskar addini kuwa, na tambayi malaminmu tun kafin in biya. Ya ce malamai da dama sun fi samun natsuwa in garantin ya shiga cikin cinikin motar a zama ɗaya, sun fi yin taka-tsantsan in an saye shi daban daga baya, saboda kamarsa da inshorar kasuwa. Shi ya sa nawa aka rubuta shi cikin takardar cinikin. Kowa ya tambayi wanda ya amince da iliminsa.

Ga mai Corolla ko Camry, ban ga dalilin sayen wannan takarda ba: kayanta na nan birjik a Ƙofar Ruwa, kowane makanike ya san cikinta, gara ya ajiye kuɗinsa. Ga mai mota irin tawa, wadda gyara ɗaya zai iya kai kuɗin ƙaramar mota, na ce ya saya, amma ya fara zuwa garejin da ƙafarsa ya ga ko suna da kwamfutar irin motarsa, ya tambayi masu motocin da ke jiran kaya tun yaushe suke jira. In kuma niyyarsa ya kai ta a ƙara mata gudu don fita Eastern Bypass da yamma, kada ya ɓata kuɗinsa, ranar da suka gani a kwamfuta takardar ta tashi.

Abin da zan kai musu a zamanmu uku ne. A rubuta iyakar kuɗin da dala, ko a riƙa duba ta duk wata shida. A rubuta cewa ba za a ce mai ne ya yi ɓarna ba sai da sakamakon gwaji daga wani wuri da ba nasu ba. A kuma sa wa'adin kawo kaya, in ya wuce su ba ni motar hawa. In sun yarda da biyun farko zan sabunta, ko da a kan inji da giya da turbo kaɗai ne, farashin kuma ya ɗan hau. In sun ƙi, zan ci gaba da yin sabis a wurinsu don aikinsu na da kyau, kuɗin takardar kuma in canza shi zuwa dala in ajiye wa motar.