Speedtest ta Ookla: ina ta dace wajen auna jinkirin sabis a Sakkwato

Mai POS a Kasuwar Shehu Shagari ya san abin: sandunan sabis cike, amma cinikin na tafiyar hawainiya. Sau da yawa laifin jinkiri ne, wato lokacin da saƙo ke ɗauka ya je saba (kwamfutar da ke amsa saƙon a can ɗaya gefen) ya dawo, ana ƙirga shi da milisakan. Manhajar Speedtest ita aka fi ɗauka don duba wannan, kyauta ce, kuma ban da "ping", wato jinkiri lokacin da babu kaya a kan layi, tana nuna jinkiri yayin saukewa da lodawa. Wannan na biyun shi ne amfaninta na gaske, don layi kan nuna lafiya lau idan babu kaya a kansa, da an ɗora masa lodi sai jinkirin ya ninka.

Inda take ruɗin mutane shi ne zaɓen saba. Tana ɗaukar wadda ta fi saurin amsawa, wani lokaci ma a cikin netwok ɗin kamfanin layinka take. Lambar sai ta yi kyau, alhali bankinka yana can nesa. Haske a wayar fiba yana cin kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya, to daga Sakkwato zuwa Legas da dawowa kaɗai wajen milisakan 10 ne, kafin a ƙara na eriya da na'urorin kan hanya. Ka canza saba da hannunka, ka tsaya kan guda ɗaya kullum.

Gwajinta kuma gajere ne. Wayar 4G da ta yi shiru na ɗan lokaci rediyonta, wato sashen da ke haɗa ta da eriyar sabis, yakan yi barci, fakitin farko (ƙaramin ƙunshin saƙo) sai ya makara. Don haka a haɗa Speedtest da Termux, manhajar Android da ake rubuta umarni a cikinta: rubuta ping -c 100 8.8.8.8, wato a aika fakiti 100 zuwa sabar Google, ka yar da amsar farko, ka duba mafi ƙanƙanta, matsakaici, mafi girma, da fakitin da suka ɓace. Kashe Wi-Fi da VPN, ka tsayar da wayar kan 4G kada ta zame 3G. Auna da asuba, sannan bayan isha'i lokacin da kowa ke kan TikTok.

Kada ka yi gwajin idan wayar ta ɗau zafi a ranar watan Afrilu mai ƙuna. Kuma ka lura, kowane gwaji yana lashe data sosai, musamman idan layin na da sauri.