Koyon Sinanci ga yara: manhaja, malamin intanet ko aji?

Duk wanda ya nemi darasin Sinanci na yara a Google zai tarar da shafuka jere, kowanne na rantsuwa nasa ya fi. Da yawansu masu sayar da darasin ne suka rubuta, suka cusa kalmomin da iyaye ke nema don shafin ya hau sama. Wannan gwanintar talla ce, koyarwa kuma daban. Kafin ka fitar da kuɗi, ga abin da ke kasuwar.

Mafi arha ita ce manhajar waya, irin su Duolingo da HelloChinese, waɗanda ake farawa kyauta. Suna da amfani wajen haddar kalmomi, amma ba sa yin bayani da Hausa, don haka yaron da bai kama Turanci ba sai ya riƙa danne-danne kawai. A ganina abokiyar bita ce, ba ta isa a ce an sa yaro makaranta ba.

Inda kuɗi ke tafiya shi ne malamin intanet, wanda ke ganin yaro ta bidiyo, kuma nan ne amfanin ya fi yawa. Mandarin, wato daidaitaccen Sinancin da ake koyarwa a aji, yana da karin sauti 4, kuma gaɓa ɗaya kan sauya ma'ana idan muryar ta hau maimakon ta sauka. Ɗan Bahaushe ya shigo da kunnensa a buɗe, tunda Hausa ma da karin sauti take aiki, sai dai yana buƙatar wanda zai tsayar da shi ya ce "sake faɗa" tun bakinsa bai saba da kuskure ba. Matsalar ita ce agogo. Sin na gaban Najeriya da Nijar da awa 7: ƙarfe 4 na yamma a Kano, 11 na dare ne a Beijing. Safiyar Asabar ta fi dacewa, ita kuma a gidaje da yawa ta Islamiyya ce. Ga biya da dala, ga data, ga wutar da kan ɗauke ana tsakiyar darasi. Ka nemi darasin gwaji, ka zauna gefe ka lura wa ya fi magana, malam ko yaro. Idan malamar sai waƙa da hotuna take yi, yaro ya saki baki yana kallo, ka wuce. Kada ka biya na shekara gaba ɗaya, komai rangwamen.

Aji na ido da ido yana da daɗin abokan hira, amma samunsa ne aiki. Cibiyoyin Confucius, masu koyar da harshe da al'adun Sin, da aka sani a Najeriya suna Jami'ar Legas da Jami'ar Nnamdi Azikiwe ta Awka, nesa da Arewa. Na kusa yawanci ɗalibi ne da ya yi karatu a Sin, ko wanda ya yi tafinta wa 'yan kasuwa a Guangzhou. Wasunsu gwanaye ne. Amma Sinancin ciniki bai zama na aji ba, kuma yaren asalin mutanen Guangzhou Kantonis ne, wanda ya bambanta da Mandarin. Tambayi takardarsa ta HSK, jarrabawar da ke auna ƙwarewar baƙi a Sinanci, babu rashin kunya a ciki.

Kowanne ka zaɓa, ka nemi sanin ko suna bin tsarin YCT, jarrabawar Sinanci ta yara mai matakai 4: kalmomi 80 a na farko, sai 150, sai 300, sai 600. Da wannan za ka iya cewa malam: nan da yaushe zai gama matakin farko? Ka tabbatar kuma rubutun da aka sauƙaƙa ake koya masa, wanda ake amfani da shi a babban yankin Sin da Singapore. Taiwan da Hong Kong na gargajiya suke yi. Sannan ka riƙa leƙa littafinsa. Pinyin, wato rubuta Sinanci da haruffan boko, na masu farawa ne. Idan an yi watanni babu harafin Sinanci ko ɗaya da yaro ya zana da hannunsa, ka kira malam ku yi magana.