Na'urar da ke yi mini gadin tankin kananzir a Ireland ta Arewa

'Yan uwa da suka sauka Ireland ta Arewa kwanan nan, ku sani yawancin gidaje a nan da kananzir ake ɗumama su, musamman idan an fita wajen Belfast. Tankin a waje yake, ta bayan gidan, na roba, yana cin lita 1,000 ko fiye. Tun da farashi ya yi tashin gwauron zabi a 2022 ɓarayi suka ƙara sa masa ido. Da famfo da tiyo suke zuwa cikin dare, su zuƙe, maigida bai sani ba sai sanyi ya tashe shi.

Na sa kwaɗo mai ƙarfi a murfin, irin wanda wuyansa ke ɓoye, almakashin ƙarfe ba ya samun wurin kamawa. Yana da amfani, amma tankin roba ne, wanda ya yi niyya sai ya huda gefe. Abin da ya kwantar mini da hankali ita ce 'yar na'urar auna mai da na saya, kuɗinta bai kai fam 100 ba.

Kashi biyu ce. Ɗaya ana ɗaura ta a saman tanki, tana aika sauti zuwa fuskar man, ta gane inda ya tsaya. Ɗayar kuma tana soket a kicin, tana nuna yawan man da layi-layi. Idan man ya yi ƙasa farat ɗaya, fiye da yadda tukunyar ɗumama gida za ta iya sha, sai ta ɗauki ƙara. Ko tsiyaya tankin ya yi sosai haka za ta yi, kuma a ƙasar nan man da ya malala cikin ƙasa ya fi wanda aka sace tsada, domin sai an haƙe an kwashe. Wannan kaɗai ya isa in ce ta biya kuɗinta.

Ba ta hana ɓarawo zuwa, ta dai sanar da kai. Idan kuna yawan tafiya gida hutu, ku nemi mai aika saƙo ta waya, tunda ƙara a gidan da babu kowa ba ta da amfani. Na haɗa mata da fitila mai kunna kanta idan ta ga motsi, na kuma zuba tsakuwa kewaye da tankin don a ji takun mutum. Bututun da tankin ke fitar da iska kuwa kada a toshe shi da sunan tsaro, tankin na iya tsagewa ranar da mai tanka ya zo cikawa.