Tausa, fisiyo ko murɗa wuya: ina mai ciwon ɓarin kai zai kai kuɗinsa?

Ciwon ɓarin kai, wanda likitoci ke kira migiren, daga ƙwaƙwalwa da jijiyoyinta yake tasowa. Yakan ɗauki awa 4 zuwa 72, da tashin zuciya da ƙin haske, kuma ya fi kama mata kusan ninki uku. Hannu ba ya kaiwa can ciki. Abin da hannu ke iya taɓawa shi ne dokin wuya da kafaɗa, waɗanda kan sandare wa masu ciwon da yawa. Saboda haka kafin ki biya ko sisi, Hajiya, ki lura: wuyanki na riƙewa kafin kan ya sara? In a'a ne, da wuya kuɗin ya yi rana.

In eh ne, likitan fisiyo, wato mai gashi da motsa gaɓɓai a asibiti, shi ne zaɓina na farko. Zai duba yadda wuyan ke juyawa, ya danna wuraren da nama ya ƙulle, ya motsa gaɓɓai a hankali, sannan ya koya miki atisayen da za ki riƙa yi a gida. Atisayen nan shi ne ribar, don shi ke rage yawan komawa. Manyan asibitoci irin na ƙashi da ke Dala a Kano suna da sashen fisiyo, kuma a Najeriya hukumar MRTB ce ke yi wa likitocin fisiyo rajista, sai ki tambaya ko wanda za ki gani yana da ita.

Tausa zalla ta fi araha, tana kwantar da jiki, tana gyara barci. Sauƙinta dai ba ya daɗewa.

Sai masu murɗa wuya har ya yi ƙas, aikin da ake kira kairofiraktik, wanda D.D. Palmer ya faro a Amurka a 1895. Bidiyonsu ya cika TikTok. Binciken da aka yi kan amfanin murɗawar ga migiren ƙanana ne, sakamakonsu kuma bai tsaya wuri ɗaya ba. Ga shi an sha danganta murɗawar da tsagewar jijiyar jini ta wuya, mai iya jawo shanyewar ɓarin jiki. Ba kasafai yake faruwa ba, amma ni ban ga abin da zai sa a yi wannan kasada ba, balle a hannun mai aski bayan ya gama gyaran fuska.

Duk wanda ya ce ki jefar da maganin asibiti, ko ya nemi kuɗin zama ashirin tun ranar farko, ki tashi ki bar masa wurin. Masu yawan ciwon ana ba su maganin riga-kafi irin su propranolol ko amitriptyline, aikin hannu ƙari ne a kai. Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta ranakun da kan ya yi ciwo wata guda kafin ki fara. Bayan wata biyu ki ƙirga. In ranakun ba su ragu ba, ki daina biya, ki koma wa likita da littafin a hannu.