Allura ko tiyata ga kansar furostet (ƙwayar da ke ƙarƙashin mafitsarar maza) da ta yi nisa?

Malam, Allah ya ba Baba lafiya. Tunda likita ya ce ku zaɓa tsakanin allura da aikin cire 'ya'yan maraina, ni dai shawarata ku yi aikin.

Mu da allura muka fara wa mahaifinmu, Zoladex, wadda ake yi a ƙarƙashin fatar ciki, ƙaramar duk wata, babbar duk wata uku. Tana aiki, ba zan ce ba ta yi ba. Amma ba ta da ranar dainawa, kuma daga waje ake kawo ta, dala na motsawa kuɗinta ya bi. Shekara ba ta cika ba shanu biyu suka tafi, ban da kuɗin mota daga Talata Mafara zuwa Sakkwato. Da aljihu ya yi ƙasa muka tsallake zagaye ɗaya, ciwon baya ya dawo masa sabo.

Da aka fara kawo maganar aiki, tsohon cewa ya yi shi ba bunsuru ba ne da za a yi wa fiɗiya. Sai da likita ya zaunar da shi ya ce, Baba, ciwon nan da sinadarin maza yake ƙoshi, allura da aiki duk shi suke yankewa, kuma raunin sha'awa da gumin nan mai taso wa mutum farat ɗaya, ko wanne ka bi za ka same su. Ya yi shiru, ya ce a yi. Aikin bai kai awa guda ba, ko barci ba a sa shi ba, wurin kawai aka kashe. Abin da muka biya bai kai kuɗin babbar allura sau biyu ba, kuma shi ke nan. Bayan sati uku da ƙafarsa ya je Juma'a, har yana tsokanar Inna wai yanzu hankalinta ya kwanta, ba zancen amarya.

Sai dai ku faɗa wa Babanku gaskiya: abin da aka cire ba ya dawowa, kuma danne ciwon yake yi, ba warkewa ba ce. Gwajin jini na PSA, wanda ake bibiyar ciwon da shi, na nan daram.

In kuma ya kafe sai allura, kada ku saya hannun ɗan tsakiya da zai ce yana da mai araha. Akwai jabu, akwai wadda zafi ya lalata a shago. Ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Masu lasifika a kasuwa da ke rantsuwa jarka ɗaya ta maganinsu na narkar da ciwon daji kuwa, ko kallonsu kada ku yi.