Ajin neman aiki na titin Gidan Zoo: abin da na gani da idona

Autanmu ya gama hidimar ƙasa shekara biyu ke nan, kullum yana ɗaki da waya, ba shi da zance sai na fita Amurka. Ni na biya masa naira dubu 15 ya shiga wani ajin neman aiki da ake yi Asabar da Lahadi a saman wani bene a titin Gidan Zoo. Ranar farko na bar yara a shagona na Kwari, na bi shi in ga inda kuɗina ya shiga.

Mai ajin dattijo ne, ya daɗe yana gyaran na'urar sanyaya ɗaki a jihar Tekzas. Bai fara da takardar neman aiki ba. Labarin yaran da ya yi aiki da su ya ɗauko, 'yan Meziko da Gwatamala da Honduras, masu jin Sifaniyanci. Masu asalin ƙasashen da ake jin Sifaniyanci gaba ɗaya sun haura miliyan 62 a ƙidayar Amurka ta 2020, amma sabon zuwa a cikinsu ba ofis yake nufa ba. Kawu ne ko ɗan garinsu ke riƙe hannunsa ya kai shi wurin gini ko kicin ɗin gidan abinci. Wanda ba shi da kowa sai ya yi sammako ya tsaya a bakin kantin kayan gini, yana jiran motar da za ta ɗebi 'yan aikin yini. Nan take na tuna leburorinmu da ke zaune bakin titi da diga da shebur tun asuba.

Sai ya zo kan takardu, ajin ya yi tsit. Tun dokar 1986 dole mai ɗaukar ma'aikaci ya duba izinin aikinsa. Shirin DACA na Obama na 2012 ya bai wa waɗanda aka shigo da su suna yara izinin shekara biyu-biyu. Sauran marasa takardu suna karɓar abin da aka miƙa musu, an cuce su ma ba bakin magana. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, tun 2009 bai motsa ba. Ya dubi autanmu ya ce, "Ɗana, me hannunka ya iya?" Yaro ya sunkuyar da kai. Wallahi na ji tausayinsa, amma tambayar da mu a gida muka kasa yi masa ke nan.

Ajin yana da nasa aibi. Ɗakin ƙarami ne, in an ɗauke wuta zufa har wuya, kuma duk baki ne, ba a taɓa ko sukundireba. Mace ɗaya ban gani ba, alhali 'yan matanmu ma suna neman abin yi.

Mako uku da gamawa, da kansa ya ce in kai shi wurin abokina mai haɗa sola a Sabon Gari. Jiya ya dawo da kanta a tafin hannu, ya nuna wa Hajiya, ta dafa kansa tana sa masa albarka.