Kwalba huɗu na Produttori del Barbaresco, duk na 2016

Daren Asabar ɗin nan mu uku muka zauna a gidan wani abokina a kusa da garin Alba a Italiya, kwalba huɗu a kan tebur, duk jar giyar inabi ta Produttori del Barbaresco, duk Riserva ta 2016, wato wadda aka fi daɗe da ajiyewa kafin a sayar, kowacce da sunan gonarta: Pora, Asili, Rabajà da Montestefano. Tun ƙarfe biyar ya buɗe su don su sha iska, ba mu taɓa ba sai wajen bakwai da rabi.

Ga wanda bai san su ba, Produttori ƙungiyar manoma ce a ƙauyen Barbaresco, yankin Piemonte a arewacin Italiya, a 1958 aka kafa ta da manoma 19, limamin cocin ƙauyen ne ya haɗa kansu. Inabi iri ɗaya suke aiki da shi, Nebbiolo, kuma in shekara ta yi kyau sai su ware gonaki tara kowacce da kwalbarta, in ba ta yi ba su haɗe komai wuri guda. Abin da ya sa nake son gwada nasu ke nan, hannu ɗaya ne ya yi, irin manyan gangunan katako ɗaya, shekara ɗaya, to duk bambancin da harshenka ya ji daga ƙasar gonar ya fito.

Da Pora muka fara. Gonar tana kusa da kogin Tanaro, giyar kuwa mai sauƙin kai ce, ƙamshin ceri, ba ta kama baki sosai, ko yau ka sha ka ji daɗinta. Mun wuce ta da sauri.

Asili ce ta tsayar da hira. Launinta ma in ka ɗaga kofin a gaban fitila kana hango yatsunka ta ciki, ja mai haske, gefe-gefe ya ɗan ja zuwa ruwan lemo, sai ka ɗauka ba ta da ƙarfi, amma da na kai hanci sai ƙamshin wardi busasshe ya taso, can ƙasa kuma wani abu kamar ganyen shayi, kuma duk bayan minti goma in na koma sai na tarar ya sake. Baurinta siriri ne, yana bin dasashi a hankali ba ya damƙa. Gaskiya na daɗe riƙe da kofin nan ban ce uffan ba.

To abin mamakin, Rabajà maƙwabciyar Asili ce, kan iyaka ɗaya suke, da ƙafa za ka tsallaka daga wannan zuwa waccan, amma a baki ta fi cika, ta fi duhu, ga ɗan ƙamshin kwalta da Nebbiolo ya yi suna da shi, ga tsami mai kyau da ke sa yawu ya taru. Abokina ita ya zaɓa kuma ban ga laifinsa ba, ita ce ta fi haɗa komai a cikin huɗun.

Montestefano kam ba ta shirya ba tukuna. Ba banza ake kiranta Barolo ta Barbaresco ba (Barolo wata giyar Nebbiolo ce ta Piemonte da ta yi suna da ƙarfi da bauri), kurɓa ɗaya ka ji baki ya bushe har leɓe na manne wa haƙora. Sai da aka kawo nama da tsohon cuku sannan ta ɗan sauko. Dokar Barbaresco Riserva ta ce sai giya ta yi wata 50 kafin a fitar da ita kasuwa, amma wannan ko an ƙara mata shekara biyar a ɗaki mai sanyi ba a yi asara ba. Ragowar da muka toshe muka bari, washegari da rana ta fi daren jiya daɗi nesa ba kusa ba.

Wani abu da ya burge ni, in ka duba takardar jikin kwalbar za ka ga sunayen manoman da inabinsu ya shiga ciki. Na so wannan ƙwarai.

Ni dai in kwalba ɗaya zan saya in sha bana, Asili ce. Montestefano zan sayi biyu in ajiye, kuma kar ku sha ko wacce da ɗumi, ku ɗan sanyaya ta tukuna, ku samu kofi mai faɗin ciki.